Uwaliya Mai Farar Allura

Likitoci ba su gama kurɓar shayi ba, Uwaliya ta riga ta shiga ɗakin tiyata, ta gwada iskar numfashi, ta jera allurai. 'Yar Wurno ce, mai sa barci a wani asibiti a Sakkwato, inda ake yi wa mata aikin mahaifa ta 'yan ƙananan huji ba tare da an tsaga ciki ba. Akwai wata farar allura mai kama da madara da ta fi yarda da ita, wai matan da ta sa barci da ita sun fi tashi da sauƙin kumburi. Sun sha musu da likitoci a kan haka, har yau ba wanda ya sallama.

Ku tambayi Zinariya ta Goronyo. Ta daɗe da aure ba haihuwa, aka buɗe mata hanyar mahaifa da ta toshe. Uwaliya ta ja mata kunne: ciwon a ciki yake, in ta yi aikin ƙarfi kumburi ya tashi, hanyar na iya sake rufewa. Da aka koma gida, surukarta Inna Azumi ta ɗaga riga ta duba, ta taɓe baki.

"Mi anka yi nan? Ko ƙahon wanzami ya hi wanga rauni."

Lokacin girbin shinkafa ne, sai aka miƙa wa Zinariya taɓarya.

Ranar hutunta Uwaliya ta hau mota ta je dubiya, ta iske ta bakin turmi tana haɗa gumi. Ba ta yi wa tsohuwa wa'azi ba. Taɓaryar ta amsa daga hannun Zinariya.

"Inna, ni ka dakawa. Ɗiyag ga ta kwanta."

Dakan nata abin dariya ne, rabin shinkafar a ƙasa take zuba. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, ga baƙuwa mai furfura tana daka. Kunya ta rufe Inna Azumi.

"Aje, Hajiya, don Allah aje! Ta kwanta har ta gaji."

Bana Zinariya da goyo take zuwa awo.

Uwaliya, ga ki za ki ajiye aiki. Ke ce mai gadin numfashi, ke ce ba ki sallamar mace a ƙofar asibiti. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku bi sawunta har gidajen mutane. Yawancin waɗanda ta yi wa hidima barci suke lokacin, ko fuskarta ba su riƙe ba. Mu da muke farke mun gani, shi ya sa muka faɗa.