Yaya Jikin Garmaho

Ranar wata Laraba cikin bazarar 1974 na dawo daga makaranta na tarar da takalma birjik a ƙofar zaurenmu. A waccan shekarar, taron takalma a ƙofar gida ba shi da fassara mai daɗi. Daminar da ta wuce ta yaudare mu, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, rumbuna sun zama fayau har ɓeraye sun fara tunanin ƙaura. Na leƙa, sai ga Baba zaune kan buzu, lafiyarsa lau, dattawan unguwa sun kewaye shi suna jera masa sannu.

Baba malamin firamare ne a ƙauyenmu, tsakanin Bagwai da Shanono, kuma shi kaɗai ke da garmaho mai batir a duk yankin. Tun yana kwalejin horon malamai ya saye shi, ya ɗinka masa riga ta farin yadi. Mu yaran gida mukan yi sauri mu gama ɗiban ruwa da tsinto ƙirare da neman ciyawar awaki, har langa mukan bari, don kawai mu durƙusa mu ga faifai na juyawa bayan la'asar. Baba yakan nuna mana ɗan siririn ƙarfen da ke ƙarƙashin hannun garmahon, wanda bai kai tsinken tsintsiya kauri ba, da ɗigon da ke bakinsa, ya ce, "Duk akwatin nan ɗan dako ne, allura ce mai magana." To, allurar ta cinye, ƙarfen da ke riƙe da ita ya lanƙwashe. Sauti ya koma kamar ana suyar gyaɗa a bayan mawaƙi, wani lokaci kuma mawaƙin ya maƙale a kalma guda yana ta nanatawa kamar ɗan aji ɗaya.

Sai Baba ya ji labarin wata sabuwar allura mai bakin lu'ulu'u, wadda ke zuwa da ƙarfenta, ba ta kuma cin faifai. Ya aiki ƙanensa Kawu Sale, mai kai fatu Kano, sana'ar da ita kaɗai fari ya yi wa gata. Da yake Baba ya san bai kamata a ji malami na hidimar kiɗa a shekarar yunwa ba, sai ya gargaɗe shi kada ya ambaci garmaho ga kowa. Kawu mutum ne mai cika umarni harafi da harafi. Da aka tambaye shi a tasha, sai ya ce Yaya ne ya aike shi neman allura, irin wadda sai a birni, can ma sai an dace. Ya ɓoye garmaho, ya saki allura.

Kafin motar ta kai Kano, gari ya gama yi wa Baba gwaji. Kowa ya rame a lokacin, amma sai aka tuna cewa ramar Malam daban ce. Ita kuwa tambayar yaya jiki amsarta guda ce a ƙasar nan. Baba ya ce wa na farko da sauƙi, yana zaton murar makon jiya ake nufi. Kafin ya gane inda aka dosa, ya riga ya faɗa wa liman haka, ya kuma shafa addu'a. Kayan dubiya suka fara shigowa, wannan ƙwai, wancan curin tsamiya. Sai Iya Tabawa, tsohuwar da muke katanga ɗaya, wadda muka san ganyen tafasa take dafa wa jikokinta marayu, ta shigo da 'yar ƙwarya a rufe da faifai. Inna ta buɗe, na ga fuskarta ta canja. Gero ne gauraye da toka, wato irin shukar da ta adana.

A ranar Larabar nan Kawu ya sauka, ya ratsa taron da fara'a, ya zaro wani ɗan akwati kamar na ashana ya miƙa wa Baba. Wani dattijo ya tambaya ko a kira malamin asibiti. Sai Baba ya ce in ɗauko garmaho. Zaure da ɗakinsa taku kaɗan ne, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irin wannan ba. Ya bayyana musu gaskiya a gajarce. Babu wanda ya yi dariya, da an yi ma da ya fi sauƙi. Iya Tabawa ce daga ƙofar cikin gida ta ce, "To, Malam, a yi wa marar lafiyar allurar mu gani mana." Baba ya zare tsohuwar allurar, ya tura sabuwar har ta zauna, ya ɗora faifai. Murya ta fito garau, ko ƙwayar gyaɗa babu. Iya ta saurara kaɗan, ta ce lallai ya warke, ta juya.

Inna ta bi ta da ƙwaryar, Iya ta ƙi karɓa, wai ba a mayar da abin dubiya. A makaranta kuwa na sha tambaya: yaya jikin garmaho, ya kwana da sauƙi? Geron ya zauna a ɗaka, ba mai iya kallonsa balle daka shi. Da ruwan shuka ya sauka, Baba ya saɓi sungumi, ni na ɗauki ƙwaryar, muka shiga gonar Iya da sassafe, yana sara ina zubawa. Ta zo ta same mu, ta yi kamar ba ta san gonar wa ce ba, ta ce, "Malam, yaya jiki?" Bai ɗago ba ya ce, "Da sauƙi, Iya."

Yanzu waƙa tana cikin wayar aljihuna, ba allura ba faifai, ba ta ƙosawa ba ta maƙalewa. In na kwanta ciwo, saƙonnin fatan sauƙi sukan shigo rututu, ina godiya. Garmahon yana nan cikin rigarsa, allurarsa sabuwa kusan fil, don Baba bai ƙara kunna shi a gaban mutane ba. Har yau ban sake ganin dubiyar da ta kai nauyin ƙwaryar nan ba.