Hular Kwanon da Goggo Ta Doka

Jiya ina gyaran ɗaki a gidanmu na unguwar Soundview, a nan ƙasar Turawa, na ci karo da tsagaggiyar hular kwano, sai marigayiya Goggo, ƙanwar babana, ta faɗo mini a rai.

Ranar da zan tafi wasan ski, zamiyar nan ta kan dusar ƙanƙara, na ce hula sai matsorata. Goggo ta kifa mini ita, ta ja igiyar har ta shaƙe ni, ta maka mini muciya a ka.

"Ka ji zafi?"

"A'a, Goggo."

"To don ubanka kar ka cire! Shekara shida ina jinyar wani ƙato, ina juya shi a gado, ina share masa miyau. A wajen wasan nan ya fasa kai."

A ranar, gudu ya ƙwace mini, na gwabza da bishiya. Kafaɗata ta karye, haƙora biyu suka zube, jini ya rine ƙanƙara. Hular ta dare, kaina bai fashe ba.

A asibiti ko sannu ba ta ce ba. Hular ta karɓa tana shafawa.

Goggo, Allah ya tsare ki a kabari yadda kika tsare kan nan nawa.