Ranar da Yaya Ya Sha Karatun Ɗana

Wahala ce, ba ta da wani suna. Na yi huɗa da garma a ƙasa mai danƙo, na ɗauki gyaɗa a ka daga bayan Gafasa har kasuwar Ajingi, amma babu aikin da ya taɓa cina kamar koya wa 'ya'yana boko a gida. Duk wanda ya ce maka abu ne mai sauƙi, to bai taɓa zama a gaban yara huɗu ba, kowa da tsawonsa, kowa da irin taurin kansa. A cikin wannan wahalar akwai wani yini da ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwanci.

Lokacin yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Makarantar gwamnati ba ta iso unguwarmu ba, sai Ajingi, tafiyar da ƙafar ƙaramin yaro ba za ta iya kullum ba. Ni kuwa ɗan abin da na sani a ajin yaƙi da jahilci na tsinto shi. Ina haɗa baƙi, ina rubuta sunana, shi ke nan. Sai na ga gara in juye wa yaran ko wannan ɗin ne, kada su tashi suna dangwala yatsa a takarda ba su san abin da ke cikinta ba.

To amma gandu ɗaya muke da yayana, shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu, kuma yaro a gidanmu ba na ubansa kaɗai ba ne. Da na kai masa maganar, a gaban Inna mahaifiyarmu, ko kallona bai yi ba.

"Ranin nan naka ne," in ji shi. "Su taso daga makarantar allo, ka yi shirmenka da hantsi. Amma kafin ruwan shuka ya sauka, in babban naka bai karanta abin da aka sa masa a gaba ba, kada in sake jin kalmar boko a gidan nan."

Na ce na ji, na yarda.

Tun daga ranar kowa a unguwar ya zama malami. Mutanen da ko alli ba su taɓa riƙewa ba su ne masu tare ni a bakin rijiya da shawara. Akwai wani maƙwabcinmu da ya dawo daga yaƙi, Kofur muke ce masa, shi a wurinsa karatu fareti ne da bulala: a jera yara a rana, wanda ya motsa a tsula masa. Akwai kuma ƙanen matata, wanda ya gama aji bakwai yana tsaron kanti a Gaya, da agogo a hannu, ba ya magana sai ya duba shi kamar jirgi zai tashi ya bar shi. Shi ya zo takanas a kan keke.

"Malam, in za ka yi, ka yi irin na gaske," ya ce. "Benci, baƙin allo, ƙararrawa. Darasi ɗaya, kowa ya maimaita. Haka ake yi a ko'ina cikin duniya."

Shi da bai taɓa wuce Kano ba. Ya bar mini wani tsohon littafi mai hoton jirgin ruwa da wani yaro sanye da takalmi sau-ciki yana cin abinci a kan tebur. Yaran da ko kwalekwale ba su taɓa gani ba!

Da yake shi ne mai agogo, shi na bi. Na kafa gungumen giginya a zaure ya zama benci, na shafe bango da gawayi, na rataye tsohon bakin garma ina bugawa da ƙarfe. In na ce "a", su ce "a". Babban, wanda a lokacin ya isa riƙe fartanya, ya gane tun ranar farko, sai ya koma gyangyaɗi. Yarinyar mai bi masa ita ma ta gane, sai ta koma tsungulin ƙanenta. Na ukun bai gane ba, alli yake ci. Autan kuwa da an buga ƙarfen nan sai ya fashe da kuka, ya jiƙa mana gungumen. In na tsaya don ƙananan, manyan su lalace. In na yi gaba don manyan, ƙananan su zama 'yan kallo. Ga shi babban ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa, shi ma ba ya iya haɗa ido da ni. Malami yana "kai, wannan", ɗalibi yana kallon ƙasa. Haka muka cinye rabin ranin a kan baƙi biyar, uwar yaran tana leƙowa tana cewa, "Malam, yau ma 'a' ɗin ce?"

Wata safiya na bi ta makarantar allon unguwarmu, na tsaya jikin danga ina kallo. Yara sun fi nawa yawa nesa ba kusa ba, malami ɗaya, amma ba wanda yake jiran wani. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wanda ya iya ya wanke a yi masa ƙari, wanda bai iya ba ya zauna a kan nasa, babba yana biya wa ƙarami. Abin da aka yi mini ina yaro ke nan, yana gaban idona, na bari mai agogo ya kai ni jirgin ruwa.

Takarda ba ta samuwa a wurinmu, sai na je wurin masassaƙi na ce ya fafe mini katako huɗu na rubutu. Shi kuma bawan Allah katakon rubutu iri ɗaya ya sani a duniya. Ya sassaƙo mini alluna huɗu, da kafaɗunsu da kawunansu, ba abin da ya raba su da na makaranta. Na ce ai katako katako ne. Na samo tawada da alƙalamin kara, na rubuta wa kowa nasa: autan baƙi ɗaya, na ukun "ba, bi, bu", yarinyar sunayen kayan gida, babban kuwa magana cikakkiya a kan abin da yake gani kullum a tsakar gida. Na sa babban yana biya wa na ukun, yarinyar tana biya wa autan. Kafin zafin bazara ya kankama, karatu ya fara shiga.

Ana nan sai Yaya ya kwanta da kumburin ciki. Inna ta aika wa malamin makarantar allo, ya ce in ya rubuta zai aiko da allon a wanke a gida. Ranar na rubuta wa babban sabon darasi, na jingine allon a bakin zaure tawada ta bushe, na tafi duba rumbu. Inna ta fito, ido ya yi rauni, kuma ko da idon ba ta raba ajami da boko. Ta ga allo da ɗanyen rubutu, ta ce alhamdu lillahi malam ya aiko. Ta wanke shi tas a ƙwarya, ta kai wa ɗanta, ya yi bisimilla ya shanye.

Bayan la'asar sai ga Yaya a majalisa gindin ceɗiya, garau, yana shafa ciki. Liman yana nan, Kofur yana nan, malamin makarantar ma ya zo wucewa.

"Allah ya gafarta malam, rubutun nan naka kamar yankan wuƙa!" in ji Yaya. "Yana sauka na ji cikin ya saki." Ya juyo ya harare ni. "Wannan shi ne ilimi. Ba a-a-a ɗin da wasu ke cika mana kunne da shi ba."

Malam ya dube shi ya ce, "Wane rubutun? Ni fa sai gobe na ce zan rubuta."

Daidai nan yarinyar ta taho da gudu riƙe da allon yayanta, fari fat, tana haki. "Baba, Inna ta wanke wa yayanmu karatunsa ta ba Baffa ya sha!"

Kofur ne ya fara tambaya, shi da ba ya barin abu ya wuce. "Ke, me aka rubuta a ciki?"

Yarinya ba ta san ɓoyo ba. Ta ce, "Jakin Baffa ya ci ƙaiƙayi ya ƙoshi."

Kofur ya faɗi ƙasa yana riƙe da haƙarƙari. Wani ya ce shi ya sa cikin ya lafa, ai an ƙoshi. Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Yaya ya miƙe, jijiyar wuyansa kamar igiyar guga.

"An rufe! Daga yau an rufe boko a gidana!"

Ban taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba sai ranar. Na ce, "Yaya, ruwa bai sauka ba. Kai ka yanka sharaɗin a gaban Inna. A kira yaron a gwada shi, in ya kasa da hannuna zan sa allunan a murhu."

Liman ya ce gaskiya ne, alkawari aka yi. Aka kira babban, aka tsayar da shi can nesa ya juya baya. Yaya ya ja kunnena ya raɗa mini abin da zan rubuta, don kada a ce hadda ce. Na ji maganar, na haɗiye ta, na durƙusa na rubuta a ƙasa da tsinke, baƙi bayan baƙi.

Yaron ya zo ya duba. Na ga leɓensa yana motsi har ƙarshen layin. Sai ya sunkuyar da kai, ya yi gum.

"Kun gani ko?" in ji Yaya. "Rani guda a banza. Ko jakin nawa ya fi shi."

Na san ya karanta. Kunya ce ta riƙe masa baki, kuma Yaya ya san da haka, shi ya sa ya zaɓi maganar. Na ce, "Kai, wannan. Karanta."

Bai ɗago ba.

"Ni na rubuta da hannuna, ni na ce ka karanta. In ka yi shiru, kai da ƙannenka kun gama."

Ya ɗago, ba ni ya kalla ba, ceɗiyar ya kalla. Ya ce, "Ubanka... ba shi da... hankali."

An zage ni a duniya ba adadi, amma ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Majalisa ta sake kecewa, amma ba ni ake wa dariya ba. Liman ya ce yaro ya karanta, sai dai allo mai siffar na Alƙur'ani ba wurin jaki da ƙaiƙayi ba ne, a gyara. Yaya ya kaɗe rigarsa. Bai ce na yi nasara ba, har ya bar duniya bai faɗa ba. Abin da ya ce kawai, yana tafiya, shi ne, "A sare wa allunan nan kai, kafin a shayar da ni wani abin."

Mai agogo da labari ya kai masa Gaya cewa ya yi ai dama ya san tsarinsa zai yi aiki. Kofur ya ce da an haɗa da bulala da tuni an wuce nan. Kowa ya zo karɓar rabonsa a gonar da bai taɓa sa fartanya ba. Abin da na koya a ranin nan bai wuce wannan ba: yara huɗu karatu huɗu ne, kowa a ba shi daga inda ya tsaya, kuma mai yawan ba ka shawara ba shi zai zauna da su a zaure ba.

Washegari da na dawo daga masallaci na kwance bakin garmar nan na mayar da shi cikin kayan noma. Na ɗauki gizago na sare kawunan allunan huɗu, na shafa musu jar ƙasa a baya yadda ko Inna ba za ta ɓata ba. Sannan na zauna na rubuta wa kowa nasa. Na babban, jakin nan na mayar masa, tunda an shanye masa shi bai gama biyawa ba.