Cibiyar Maiɗakina da Ilimin Mahauci

Lokacin da abin ga ya faru, ni mahauci ne a Ƙofar Dundaye, mai baki kamar reza, wanda bokonsa bai wuce aji biyu ba. Amma da yake na feɗe shanu ba adadi, sai na ɗauka babu abin da ke jikin mai rai da ban sani ba. Wannan girman kai ya ja wa maiɗakina wahalar shekara biyu.

Wani ƙullutu ne ya fito mata a cibiya, baƙi-baƙi kamar dabino. Ya kumbura, ya yi zogi, ya tsattsafo da jini, bayan kwanaki ya lafa. Na yi masa irin duban da nake yi wa sa a kasuwar shanu, na yanke cewa mataccen jini ne, na kira wanzami ya kafa mata ƙaho. Ƙullutun ya dawo. Gwaggona ta ce sammu ne, munka yi ta hayaƙi har kajin gida sunka ƙaura. Ranar da na iske maiɗakina durƙushe bakin murhu ta kasa miƙewa, na ce sai asibiti. Dangi sunka yo caa, wai duk macen da aka taɓa wa cibiya da wuƙa ta gama haihuwa. Na ce musu ni da wuƙa munka girma, ba su za su koya mini tsoronta ba.

Da munka je, likitar tambaya ɗaya ta yi, ko ciwon yana tashi tare da al'adarta. Maiɗakina ta sunkuyar da kai ta ce tun farko haka yake, kunya ta hana ta faɗi, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ni da nake gane saniya mai ciki daga nesa! Likitar ta ce irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ne ya tsiro a cibiya, shi ya sa yake jini duk wata. Sunka yi hoto, sunka yanke shi, sunka kai gwaji, ba ciwon daji ba ne.

Har yau a mahauta ana tsokana ta, wai an feɗe matar mahauci yana kallo. Su yi ta yi. Ta warke, kuma gwaggon nan da bakinta ta yi guɗa ranar da aka yanke cibiyar autarmu. Nadamata ɗaya ce, tabon ƙahon da na sa aka yi mata. Maza, in ciwon iyalinku yana bin wata, ku aje sanin banza ku tambaye ta, ku kai ta asibiti. Saniya ce ba ta magana, ita tana yi.