Baba Sitati da Korar Watan Jarrabawa

Magana uku ake yi a kan Baba Sitati, mai shagon wanki da guga a bakin ƙofar kwaleji, kuma kowace ta fi 'yar'uwarta muni. An ce yana ɗibar ɗalibai aiki ne don sun fi araha. An ce ba ya ba su haƙƙinsu a hannu. An ce da jarrabawa ta ƙarato sai ya kore su, don kada karatunsu ya ɓata masa aiki. Masu faɗa kan rufe da cewa ai dama taura biyu ba ta taunuwa, ɗalibi ko dai karatu ko dai neman kuɗi. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, na kuwa ga karin magana da yawa da aka rataya wa yara a wuya ba tare da an gwada ba.

Da maganar ba ta shigo layinmu ba, da ban tashi ba. Maƙwabciyata mai ɗinki ce, mijinta ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki biyu da 'ya'ya huɗu. Autarta na shekara ta biyu tana koyon aikin gwajin jini, wata biyar ke nan tana guga a wurin Baba. Ranar Laraba yarinyar ta dawo ta ce an ce ta zauna gida sai an gama jarrabawa. Kafin gari ya waye baffan yarinyar ya iso da fom ɗin rancen banki na kuɗin makaranta, ya ce a kawo takardar gida a yi jingina, Litinin za a rufe karɓa.

"Baffa, ai Baba yana biya mini," in ji Auta.

"Yana biya miki a ina? A mafarki? Nuna mini kuɗin."

Ba ta da abin nunawa. Uwar ta zo wurina da takardar gidan a ƙulle a bakin zani, ta ce, "Malama, ke kika san boko. In sa hannu?" Na ce ta ba ni kwana uku.

Ranar Juma'a na sa Auta a gaba zuwa ofishin ma'ajin kwaleji. Akawun ya duba, ya juyo mana da takarda. An biya kashi biyar cikin shida na kuɗin zango mai zuwa, sau biyar, kowane ƙarshen wata. Na tambayi ragowar. Ya yi dariya ya ce, "Inna, agogon bangon nan yana makara, tsohon nan ba ya makara." Ban gamsu ba. Akawu ma mutum ne, ana iya goge masa riga kyauta.

Asabar da safe na ɗauki wani tsohon mayafi na nufi shagon.

Maƙwabtansa sun ce yadda na same shi haka yake kullum, shekara talatin da ɗaya. Da ya idar da sallar asuba yake buɗewa. Shi yake ware kaya da kansa, fari gefe, mai zuba gefe, zannuwan gadon otal biyu da ke ba shi kwangila a babban kwando, fararen rigunan ma'aikatan asibiti a nasu. Sai ya laluba kowace aljihu. Abin da ya samu, maɓalli ne ko zobe ko takardar magani, yana jefawa a gwangwanin madara mai lambar mai kayan. Sitati kuwa ba ya yarda kowa ya dama, da yatsa yake gwada kaurinsa, daga nan sunan ya samo asali. A bangon da ke fuskantar teburan guga babu kalanda, babu hoton kowa. Jadawalin darasi ne guda tara a jere, kowanne an soke shi da allura. Da su yake raba aiki. Awa goma sha huɗu a mako, ba ƙari, sai lokacin dogon hutu ake yini. Wanda ya tsallake lacca ya zo guga, guga ta zama sadaka, ba a biyansa.

Amma ran nan babu ɗalibi ko ɗaya. Mutum huɗu na tarar a kan tebura, duk sun haura talatin. Wani mai tumbi da singileti yana fama da zanin gado, gumi har gwiwar hannu. Na dube shi na sake dubawa. Likitan da ya cire mini haƙori bara ne.

"Likita, asibitin ya rushe ne?"

"Sannu da zuwa, Malama. A'a, watan jarrabawa ne."

Wata mata daga teburin ƙarshe ta ce, "Kada ki ba shi mayafinki, Malama. Tun yana ɗalibi yake ƙona kaya. Shi ya sa ya koma inda in ya ɓata aiki mai kayan ba ya iya magana."

"Ke da kika yi wata shida kina kari biyu a wando ɗaya?" in ji Likita.

"Ku yi aiki, bakinku ya fi dutsen guga zafi," in ji wata murya daga bayan kwanduna.

Baba Sitati ɗan siriri ne, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, irin ta wanda ya daɗe yana danna ƙarfe. Ya ba ni kujera. Na ce masa ba wanki ya kawo ni ba, na zayyana masa magana ukun ɗaya bayan ɗaya, ban rage komai ba. Bai ɓata rai ba. Ya ce, "Ta farko ƙarya ce, ki tambayi kowane shago nawa suke biya. Biyun kuwa ai gaskiya ne."

Ga yadda abin yake. Albashin ɗalibi kashi uku yake yi. Ɗaya a hannu, na mota da abinci da sabulu. Biyu kai tsaye ofishin ma'aji, da yardar ɗalibin a rubuce tun ranar farko. Rasit ɗin yana cikin ambulan mai sunan kowa, sai ƙarshen zango ya miƙa. Na ce me ya sa ba zai ba su su kai da kansu ba, ai ba jarirai ba ne.

"Na gwada, Malama. Yaron farko da na ɗauka, na ƙirga masa kuɗin zango cif a hannu. Kafin ya kai ƙofar kwaleji an haifi ɗan yayarsa, rufin kawunsa ya yi yoyo, ƙanensa ya ga keke. Kuɗi a aljihun ɗalibi kuɗin dangi ne. Yaro ba ya iya ce wa babba babu. Ni ina iyawa."

Korar kuwa mako uku kafin jarrabawa ake yin ta, har a gama. Albashi ba ya tsayawa. Aikin sai ya koma kan Baba da waɗanda suka gama a hannunsa, kowa ya zo ranar da ya samu sarari, ba ko sisi. Na ce wato bashi suke biya.

"Kada ki kira wannan kalma a shagon nan," in ji shi, ya tashi ya koma kan sitatinsa.

Likitan ne ya raka ni bakin titi ya ba ni dalili. Baba ma ya taɓa shiga kwaleji, da rance. A shekara ta biyu mahaifinsa ya kwanta ciwo, ya bar karatu ya koma jinya. Shekara tara ya yi yana guga yana biyan kuɗin takardar da bai taɓa riƙewa ba. Ya ce kuma ƙarshen watan nan Baba zai ajiye dutse, hannun ya fara rawa. Matar nan mai tsokanarsa, wadda ta karanci harkar kasuwanci, ita za ta karɓi makulli, da sharaɗin allura ba za ta bar bango ba.

Kada wani ya ce na ce abin daɗi ne. Na ga tabon ƙuna a wuyan hannun Auta. Ta ce bikin ƙawayenta biyu ya wuce ta, kuma akwai ranar da ta yi gyangyaɗi a ɗakin gwaji. Masu cewa aiki ba ya taɓa karatu su ma ba su faɗi gaskiya ba. Yana taɓawa, sai in an samu mai tsayawa a tsakani da ma'auni.

Kai ne wannan mai tsayawar, Baba Sitati. Dutsen guga, kana da zafi, amma inda ka bi ya miƙe. Kai ne ka yarda a kira ka mai cin gumin yara, don kada yaran su sha kunyar hana danginsu. Ƙofar da ta rufe a fuskarka, ka zauna a bakinta shekara talatin da ɗaya kana tura 'ya'yan wasu ciki. Ba a taɓa kiranka taron yaye ɗalibai ba, alhali rigunan da ake sawa ranar kai kake goge su.

Lahadi da yamma aka taru a tsakar gidan maƙwabciyata. Baba ya yarda ya ba ni ambulan ɗin Auta aro, na baje rasit biyar a kan tabarma. Baffan ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa sama kamar mai neman jabu.

"To, saura kashi ɗaya. In bai biya ba fa? Bashi ai hanji ne, yana cikin kowa."

"Hanjin wani dai ba a jingine da gidan marayu yake ba," in ji uwar. Ta kwance bakin zaninta, ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar murfin akwati.

Baffan ya naɗe fom ɗinsa yana gunaguni, wai shi alheri ya nufa. Gaskiya ne kuwa, alheri ya nufa. Auta ta durƙusa ta ce, "Baffa, bar rigar nan in goge maka, karin hannun ya karkace." Ya harare ta, sannan ya cire ya ba ta.

Mun gode, Baba. Allah ya huta da wannan kafaɗa, ya sa hannun da ya karɓa ya riƙe. Ku kuma masu shago, masu gidan burodi, masu gareji, da duk wanda ɗalibi ke yi wa aiki, bango dai kowa yana da shi, allura kuma ba ta da tsada. Ku nemi jadawalin yaron kafin ku nemi guminsa.

Ƙarshen wata ya biya ragowar kuɗin Auta, rana guda kafin ya miƙa makulli. Na duba littafin shagon shafi-shafi. Ɗalibai ɗari da goma sha huɗu ne suka yi guga a wurinsa. Casa'in da ɗaya sun gama, babu mai binsu kuɗin makaranta. Goma sha huɗu ba su gama ba. Tara suna karatu yanzu. Kora kuwa yana yi, sau biyu a shekara, da albashi.