Layukan da Munkaila Ya Rufe a Kore Mairuwa

Ƙanena Munkaila bai taɓa goge layi ɗaya a cikin umarnin da yake rubuta wa kwamfuta ba. Tun da ya dawo Dogon Dutsi daga karatu a Yamai haka yake aiki. In layi guda ya dame shi, sai ya sa masa // a gaba. In gungu ne, ya buɗe da /* ya rufe da */, na'ura ta tsallake wurin kamar babu shi. Ina tsokanarsa da cewa gadon babanmu ya yi, wanda ko karyayyar hauya ba ya yarwa.

Bara wani ɗan kwangila, Alhaji Rufa'i, ya ɗauke shi aikin famfo mai hasken rana a wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa. Munkaila ya rubuta layukan da ke kashe injin da zarar ruwan ƙasa ya ja baya, don kada ya yi ta juyi a bushe ya ƙone.

Ranar buɗewa ta faɗo tsakiyar bazara. An kafa rumfa, manyan baƙi sun zauna, famfo kuwa ya zubo kaɗan ya tsaya, don layukan suna aikinsu.

Alhaji ya jawo shi gefe. "Yaro, kak ka ba ni kunya gaban mutane. Kashe abin ga, yau ɗai."

"Alhaji, shi ka tsaron motar," in ji Munkaila, yana nufin injin.

"Na ce yau ɗai."

Munkaila ya rufe layukan da /* da */, ya rubuta "a buɗe gobe" a sama. Ruwa ya ɓarke, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Kafin la'asar Alhaji ya garƙame akwatin na'urar, ya jefa makulli aljihu, sai Yamai.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau. Cire alamomin nan bai kai shan ruwa wuya ba, amma sai an buɗe akwatin. Munkaila ya yi ta kira, Alhaji yana "sai na zo". Na ce masa ya fasa kwaɗon, ya ce ba zai taɓa kayan mutane ba. Na zage shi tas, ban yi nadama ba.

Injin ya ƙone kafin damina. Alhaji ya ce wa kowa yaron ne bai iya aiki ba, kuma tun daga nan babu wanda ya sake ba Munkaila aiki a yankinmu na Arewa.

Munkaila ya koma ƙauyen sau ɗaya. A bakin tsohuwar rijiya wata tsohuwa da ba ta san shi ba ta ce ya ɗora mata jarka. Yana ɗorawa tana cewa, "Wanda yaƙ ƙone muna famfo, Allah shi isam muna."

Ya gyara mata gammo, ya ce amin.