Sun Rufa wa Mamaci Asiri, Ni Na Biya

Kun daɗe ba ku ji ni ba. Ba fushi na yi ba, numfashi ne ya gagare ni.

Ina fita takabar mijina a Kajiji tari ya kama ni, busasshe, babu majina. In na ɗauko ruwa daga rijiya sai na zauna a hanya ina haki kamar tsohuwa. Ga ɗiyata Nana a goye, tana shan nono.

Yayan marigayin, Alhaji Sanda, shi ya yi jinyarsa a Sakkwato, ya ce mana ciwon shawara ne ya kashe shi. Da ya ji tarina sai ya aiko da saiwoyi, wai in lulluɓa da zane in yi hayaƙi. Na yi, na suma.

Innata ta zo daga Boɗinga ta kwashe ni zuwa asibiti. Hoton ƙirji, gwajin kaki, ɗibar jini, robar iska a hanci. Awakina duka suka tafi a nan.

Likita ta ce, "Ba tibi ba ce. Ƙwayar ƙanjamau ta daɗe a jikinki ba magani, ita ta kumbura miki huhu. Me ya kashe maigidanki? Kuma wa kike shayarwa?"

Wallahi ban yi kukan kaina ba. Nana na kalla.

Da Alhaji ya zo dubiya na tambaye shi ido da ido ko ƙanjamau ce ta kashe mijina. Ya sunkuyar da kai. "Likitoci sun hwaɗa min. Asiri nai muka ruhe, ƙanwata. Mamaci na."

Mamaci ne! Mu da muke da rai fa, Alhaji?

An ɗora ni kan magani. Yau ina hawa tudun kasuwa ba na tsayawa. Na gode wa Allah, na gode wa Inna da ta kwana kan tabarma a gindin gadona, da likitar da ba ta ɓoye min komai ba.

'Yan uwana mata, tarin da ya ƙi tafiya a kai shi asibiti. In miji ya rasu bayan doguwar jinya, ku je a gwada ku, ko dangi sun rantse.

An gwada Nana. Tana da ita.

Kullum da safe ni da ita muke shan magani, tana yatsine fuska tana ce min, "Mama, ɗaci."